Makaranta mai maki ko makaranta mai ɗaga yaro: yadda ake auna firamaren gwamnati biyu a Amurka

A Amurka, adireshin gida ne ke zaɓa wa yawancin yara firamaren da za su shiga. Gundumar makarantu ta riga ta ja layi a taswira, duk gidan da ya faɗo cikin layin, makarantarsa ke nan. Saboda haka zaɓen makaranta yakan zo ne a haɗe da zaɓen gidan haya ko na saye, ko kuma ta hanyar neman izinin kai yaro wata makarantar da ba ta unguwarsa ba. A ƙarshe iyaye kan tsinci kansu tsakanin iri biyu. Ga wadda makinta ya yi sama, 'ya'yan masu hali sun fi yawa a cikinta, hayar gidajen kewayenta kuma da tsada. Ga wadda makinta ya tsaya tsaka-tsaki ko ƙasa da haka, cike da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da yaran da ba Turanci ake yi a gidajensu ba. Ido yakan tafi ga ta farko nan take. Wani lokaci ita ce daidai, amma lambar da ta ja idon ba ita ce za ta tabbatar da hakan ba.

Lambar da ake fara gani

Dokar ilimi ta tarayya ta 2015, wadda ake kira ESSA, ta wajabta wa kowace jiha ta yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, ta kuma wallafa rahoton kowace makaranta. Babbar lambar da ke saman rahoton ita ce kason yaran da suka kai mizanin jihar. Idan an rubuta 66, ana nufin yara 66 cikin kowane 100 da suka zauna jarrabawar sun tsallake layin da jihar ta gindaya.

Abu na farko, kowace jiha da nata layin da tata jarrabawar. Kashi 60 a wata jiha ba ɗaya yake da kashi 60 a maƙwabciyarta ba, don haka wanda zai ƙaura daga Ohio zuwa Maryland kada ya jera lambobin biyu gefe da gefe. A kwatanta makaranta da matsakaicin gundumarta da na jiharta kawai. Jarrabawar gwamnatin tarayya da ake kira NAEP ce kaɗai ma'auni guda ga ƙasar baki ɗaya, ita kuwa ba ta fitar da sakamakon makaranta ɗaya-ɗaya.

Abu na biyu ya fi nauyi. Wannan lamba tana faɗin inda yara suke ne a ranar jarrabawa, ba ta faɗin wanda ya kai su wurin. Yaron da tun yana shekara biyu ake karanta masa littafi kafin ya yi barci, ya yi makarantar renon yara mai kyau, ana ɗaukar masa malamin ƙarin darasi in ya ɗan yi baya, zai ci jarrabawar aji 3 kusan a ko'ina aka ajiye shi. Tun a 1966 rahoton masanin zamantakewa James Coleman, wanda ya duba ɗalibai sama da 600,000, ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta bayyana bambancin maki. Bincike bayan bincike ya sake tabbatar da wannan. Makaranta na iya samun kashi 80 alhali malamanta ba wani abin a-zo-a-gani suke yi ba, yaran ne suka zo da guzurinsu.

Ga lissafi na misali da ke nuna yadda jimilla ke rufe gaskiya. A ƙaddara kowace makaranta yara 100 suka yi jarrabawa. A ta farko, 80 'ya'yan masu hali ne, 20 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Cikin 80 ɗin, 60 suka kai mizani, wato kashi 75. Cikin 20 ɗin, 6 suka kai, wato kashi 30. Jimilla 66. A ta biyu kuwa, 20 ne 'ya'yan masu hali, 17 suka ci, kashi 85 ke nan. Sauran 80 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, 36 suka ci, kashi 45. Jimilla 53. A saman takarda ta farko ta ba ta biyu tazarar 13. Amma a duba rukuni-rukuni: ɗan mai hali ya fi ci a ta biyu, ɗan talaka ma ya fi ci a ta biyu. Abin da ya ɗaga ta farko shi ne su waye suka cika ajin. Shi ya sa in an buɗe rahoton makaranta, a wuce jimillar, a gangara wurin da aka rarraba sakamakon, a nemi layin da ya yi kama da yaronku, a kwatanta wannan layin a makarantun biyu da kuma na jiha.

Lambar da ta fi faɗin aikin malamai

Kusan duk jihohi suna wallafa ma'auni na biyu, wato ci gaban da yaro ya samu daga bara zuwa bana. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda jihar Colorado ta fara amfani da ita: a ɗauki yaro, a haɗa shi da duk yaran jihar da suka samu maki irin nasa a baya, a ga inda ya faɗo a cikinsu bana, daga 1 zuwa 99. Wanda ya samu 70 ya fi kashi 70 na takwarorinsa ci gaba, ko da har yanzu bai kai mizani ba. Sai a tattara na yaran makarantar a fitar da na tsakiya. Hamsin ita ce tsaka. Makarantar da ke zaune tsakanin 40 da 60 tana tafiya ne da sauran jama'a. Wadda ta haura 60 shekara biyu ko uku a jere, akwai aikin gaske a cikinta. Wadda ta daɗe ƙasa da 40, yaranta na ja da baya idan aka auna su da waɗanda suka fara tare.

Sean Reardon na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gundumomin ƙasar na shekaru, suka ga cewa makin aji 3 na bin arzikin iyaye sau da ƙafa, amma saurin ci gaba ba ya bin sa sosai. Misalin da ya fi shahara shi ne Chicago: gunduma ce da yawancin yaranta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, makinsu a aji 3 yana ƙasa da matsakaicin ƙasa, amma binciken da ya fito a 2017 ya nuna cewa tsakanin aji 3 da aji 8 sun samu ci gaban kusan shekara shida cikin shekara biyar. Joshua Angrist da wasu masana tattalin arziki kuma sun bi yaran da ƙuri'a ta raba zuwa makarantun tsakiya daban-daban a New York da Denver, suka ga ma'aunin ci gaba ya fi hasashen abin da makaranta za ta ƙara wa yaro, yawan fararen fata a makaranta kuwa ba ya nuna ingancin koyarwarta. Ga wanda zai zaɓi lamba ɗaya tak ya riƙe, to ya riƙe ta ci gaban yara.

Sai dai ita ma tana da rauni, kuma a firamare raunin ya fi fitowa. Tunda jarrabawar jiha daga aji 3 take farawa, ba a iya lissafa ci gaba sai a aji 4 da aji 5. Makarantar da ke ɗaukar yara daga ajin share fage zuwa aji 5 tana da matakai shida, ma'aunin yana ganin biyu kawai. Shekarun da ake koya wa yaro haɗa baƙi da ƙirga, wato share fage zuwa aji 2, ba sa cikin rahoton sam. Idan yaronku ɗan shekara biyar ne, malaman da aka auna ba su ne za su karɓe shi ba. A nan sai an tambayi makarantar da baki. Galibinsu suna yi wa ƙananan yara gwajin karatu sau uku a shekara, da kaka, da tsakiyar hunturu, da bazara, da kayan gwaji irin su DIBELS, MAP ko i-Ready. A tambayi shugaban makaranta: yara nawa cikin ɗari ke kan matakin da ya dace a farkon aji 1, nawa ne a ƙarshensa? Wanda ya san makarantarsa zai amsa ba tare da dogon lalube ba. A kuma tambaya ko ana koyar da sautin haruffa daki-daki kowace rana, ko kuwa ana barin yaro ya riƙa cinkar kalma daga hoton da ke shafin.

Rauni na biyu shi ne ƙarancin yara. Idan yara 40 ne a aji 4, kowane yaro guda maki biyu da rabi ne a kason. Yara huɗu su yi zazzaɓi ko su ƙaura, lambar ta motsa da 10. A ƙaramin rukuni mai yara 12, yaro ɗaya ya fi maki 8. Don haka tashi ko faɗuwar shekara guda ba hujja ba ce, a jera shekaru uku. A fara daga 2022, domin a 2020 ba a yi jarrabawar ba saboda annobar korona, a 2021 kuma yara da yawa ba su zauna ba. Idan aka ga tauraro ko gurbi babu komai a gaban wani rukuni, yaran ne ba su kai adadin da jihar ke bayyanawa ba, wanda yawanci yake tsakanin 10 da 30. A duba har da kason waɗanda suka zauna jarrabawar. Doka na son kashi 95. In ya yi ƙasa da haka sosai, a yi tambaya su waye ba su zauna ba.

Su waye a cikin ajin

Alƙaluman ɗalibai ba maki ba ne, bayani ne da ke taimakawa a fahimci makin. Kowanne kuma da tarkonsa.

Kason masu cin abincin rana kyauta ko a rangwame shi ne ma'aunin talauci da aka saba da shi. Kyauta ga iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce kashi 130 na layin talaucin tarayya ba, rangwame zuwa kashi 185. Amma dokar 2010 ta ba makarantun da talauci ya yi yawa damar ciyar da kowa kyauta ba tare da cike takarda ba, don haka wata makarantar za ta nuna 100 alhali ba duka yaranta ne talakawa ba. Wasu jihohin sun koma ƙirga yaran da iyalansu ke karɓar tallafin gwamnati kai tsaye, wanda ke ba da lamba mafi ƙanƙanta. In kason ya yi tsalle tsakanin shekara biyu, sau da yawa salon ƙirgar ne ya sauya, unguwar tana nan yadda take.

Masu koyon Turanci kusan ɗaya ne cikin goma na ɗaliban makarantun gwamnati. Makin rukuninsu kullum ƙasa yake, kuma dalili a fili yake: duk yaron da ya iya Turancin sai a fitar da shi daga rukunin, sababbin zuwa su maye gurbinsa. Ruwa ne mai gudu, ba tafki ba. Abin dubawa shi ne kason waɗanda ke samun ci gaban da ake so a jarrabawar harshe ta shekara-shekara, wadda a jihohi da yawa ita ce ACCESS ta ƙungiyar WIDA, da kuma yadda waɗanda suka fita daga rukunin ke yi daga baya. Turancin hira yakan zauna cikin shekara uku zuwa biyar, na karatu da rubutun aji kuwa huɗu zuwa bakwai. Ga yaron da ya iso ƙasar kwanan nan, makarantar da kashi 30 na yaranta masu koyon Turanci ne tana da malaman harshe na dindindin da tsarin da ya goge. Mai kashi 2 mai yiwuwa malami ɗaya take rabawa da wasu makarantu uku, yana leƙowa sau biyu a mako. A wannan yanayin, makaranta mai ƙaramin maki ce ta fi cancanta, in dai ci gabanta na da kyau.

Yara masu buƙata ta musamman kusan kashi 15 ne a faɗin ƙasar. Idan makaranta ta nuna 22, wataƙila gunduma ce ta ajiye wani shiri na musamman a can da ke ɗauko yara daga unguwanni da dama, kuma hakan na jan jimillar maki ƙasa ba tare da laifin kowa ba. Idan ta nuna 5, a bincika ko tana jinkirin tantance yara ne.

Launin fata kuwa rukuni bakwai ne a takardun tarayya, kuma sun yi faɗi ƙwarai. Rukunin baƙaƙen fata ya haɗa ɗan da aka haifa a Atlanta tun kaka da kakanni da wanda ya sauko daga jirgi watan jiya daga Afirka ko Haiti. Amfanin layin biyu ne: a ga ko yaronku zai zama shi kaɗai irinsa a aji, abin da ke da nauyi a zuciyar ɗan shekara shida, sannan a ga girman tazarar da ke tsakanin rukunoni a cikin makaranta guda. Makaranta mai kashi 80 a jimilla da kashi 35 ga baƙaƙen yaranta tana gaya muku wani abu da ya kamata ku saurara. A haɗa da alƙaluman dakatar da yara daga makaranta, waɗanda ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya ke tattarawa bisa launin fata da naƙasa.

Abubuwa uku da ba a cika dubawa ba

Fashi. Yaron da ya rasa kashi 10 na kwanakin makaranta, kimanin kwana 18 cikin 180, ana lissafa shi mai yawan fashi, da uzuri ko babu. Bayan korona kason irin waɗannan yara ya kusa ninkawa a ƙasar. Ya shafi har yaron da ba ya fashi, domin malamar da kashi ɗaya cikin uku na ajinta ke zuwa yau su ɓace gobe, rabin lokacinta a maimaita darasi yake tafiya.

Malamai. Rahoton jiha na nuna kason sababbin malamai da masu koyarwa da lasisin wucin gadi. Malami yakan fi saurin gogewa a shekarunsa na farko, don haka makarantar da kullum sababbi ne a cikinta tana horar wa wasu makarantun ma'aikata ne. A tambayi shekarun shugaban makaranta a kujerar. Shugabanni uku cikin shekara huɗu alama ce da ta fi kowane maki muni.

Girman aji. Lambar "ɗalibai 15 ga malami ɗaya" ta ƙirga malamin kiɗa, na motsa jiki, na harshe da na yara masu buƙata ta musamman. Ajin da yaro zai zauna yana iya zama 24. Gwajin STAR da aka fara a Tennessee a 1985 ya raba ƙananan yara ta ƙuri'a tsakanin aji mai 13 zuwa 17 da mai 22 zuwa 25, ƙananan azuzuwan suka yi gaba, kuma 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata suka fi kowa amfana. Bambancin 22 da 24 ba abin ƙaura ba ne, na 16 da 25 abin dubawa ne.

Makin 1 zuwa 10 na shafin GreatSchools, wanda shafukan neman gida irin su Zillow ke maƙalawa a jikin kowane gida, cakuɗa waɗannan ma'aunai ne. An ƙara wa ci gaba nauyi a cikinsa a 2020 bayan sukar da ya sha cewa yana bin arzikin unguwa, amma lamba ɗaya ba ta iya nuna wane ɓangare ne ya ɗaga ta. A danna a ga ɓangarorin, a koma rahoton jiha a tabbatar.

To wacce za a ɗauka?

Maki sama, ci gaba sama a duk rukunoni: babu gardama, in aljihu zai ɗauki hayar. Maki ƙasa, ci gaba ƙasa da 40 shekara uku, fashi da yawa, malamai na gudu: a nemi mafita. Irin waɗannan sukan shiga jerin kashi 5 mafi rauni na makarantun da ke karɓar tallafin talauci na tarayya, kuma rahoton jiha zai faɗa in haka ne.

Wahalar tana tsakiya. Makaranta mai maki sama da ci gaba tsaka-tsaki ta dace da yaron da ya riga ya yi wa ajinsa nisa, domin can ne zai samu abokan da za su ja shi, kuma ƙungiyar iyayenta takan tara kuɗin ƙarin darussa da kayan aiki. Ba ta cika dacewa da yaron da ke baya ba, musamman in layin rukuninsa ya nuna tazara mai faɗi, domin ana tsara darasin ne bisa mafi yawan yaran ajin. Makaranta mai maki tsaka-tsaki da ci gaba sama da 60 ita ce ta yaron da ke koyon Turanci, ko mai jan ƙafa a karatu, ko ɗan tsaka-tsaki da ke buƙatar malamin da ya saba ɗaga yara. In yaron mai hazaƙa ne sosai, a tambaya me ake ba wanda ya gama aikinsa kafin kowa, kuma a wane aji ake tantance yara don shirin masu hazaƙa. Kuɗin hayar da aka rage ta zama a wannan unguwar ma abin lissafi ne, yana iya biyan malamin ƙarin darasi na shekara.

Gani ya kori ji. A nemi zagayawa da safe ana tsakiyar darasi, ba ranar da aka shirya wa baƙi ba. A tsaya bakin ƙofar aji 1 minti biyar: yara nawa ke kan aiki, yaya muryar malamar take in yaro ya yi kuskure? A karanta rubutun da aka liƙa a bangon aji 4. In duk takardun jimla ɗaya ce aka kwafa daga allo, ko kuwa kowane yaro da nasa zancen da gyaran malama a gefe da jan biro, za a gane.

Kafin a sa hannu a takardar haya, a saka adireshin a shafin gundumar ko a buga wa ofishin rajista waya, domin shafukan gidaje na yin kuskure kuma ana sake zana iyakoki. Wanda zai nemi makarantar da ba ta unguwarsa ba, ya san cewa ana rufe karɓar takardu da yawa tun hunturu don shekarar da za ta fara a Agusta ko Satumba, gurbin na iya zama ta ƙuri'a, motar makaranta kuma ba lallai ta zo ƙofar gidansa ba. Aron adireshin ɗan'uwa kuwa a bar shi: gundumomi na bincike, suna mayar da yaro makarantar unguwarsa a tsakiyar zango, wasu ma sukan nemi a biya su kuɗin karatun da ya yi.